Shekarar da Na Yi Ta Rubuta Akwatuna

Aminu, yau zan ajiye kunyar ɗan fari in kira sunanka ƙarara, domin kai wannan babin ya fi shafa. Hadiza da Bashir, ku ma ku karanta. Na san abin da aka gaya muku a kaina lokacin da nake Amurka, na kuma san babu ɗayanku da ya taɓa iya tambayata ido da ido. Kun girma da rabin zance, rabin zance kuwa ya fi ƙarya ɓarna. Yanzu da gwiwa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, gara ku ji shi daga bakina.

Kun san a ƙasar Rasha na yi karatun narka ƙarfe tun ina saurayi. Na dawo da takardata ina jiran a hura wutar masana'antar da aka tura mu dominta, har furfura ta fito mini ba a hura ba. Da bizar ƙuri'a ta faɗo kaina na riga na haura hamsin. Na sauka a Greensboro saboda wani ɗan unguwarmu da ya ce akwai aiki, kafin in gama gane gari shi kansa ya ƙara gaba ya bar ni. Aikin a wani katafaren sito ne a bakin titin Wendover: in ɗaga kwali, in haska masa na'ura ta yi ƙara, in ajiye, tun asuba har azahar ta gota. Ina zaune a wani bene bayan High Point Road tare da samari uku 'yan Nijar, babbansu shi ne Isuhu, mutumin Maraɗi. Yaran kirki ne, ba su taɓa barina na ɗauki tsintsiya ba. Baba suke ce mini. Amma girmamawa ma katanga ce. In na turo ƙofa suna cikin dariya, sai dariyar ta tsaya cak, a rage rediyo, a gyara zama, a shiga gaishe ni. Tuwona daban ake zubawa a kai mini ɗaki. Nakan zauna ina ci ina jin hirarsu ta bango, rabi Hausa rabi Faransanci, in rasa wanda zan ce wa ko miyar ta yi gishiri.

Wata Asabar da hantsi ina cikin bas, direba ya taka birki da ƙarfi. Wani tsohon Bature da ke kujerar gabana ya saki gilashi mai mariƙi, irin wanda ake ƙara wa rubutu girma da shi, ya gangaro ƙarƙashin ƙafata. Tsohon ya yi ƙunƙuni. Ba Rashanci ba ne, amma ɗan'uwansa ne na jini, na tsinci abin da ya ce. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na miƙa masa gilashin na ce masa da Rashanci, ga shi baba, bai fashe ba. Fiye da shekara ashirin ban furta kalma ɗaya da harshen nan ba, sai ga shi ya fito kamar jiya na ajiye shi. Ya kawo fuskarsa dab da tawa, don ba ya gani daga nesa, ya ƙare mini kallo.

“Kai kuma daga wane sama ka faɗo?”

“Daga Zariya,” na ce.

“Ban san ta ba. Amma in can ake koyar da wannan lafazin, a gaishe su.”

Sunansa Stoyan, mutumin Bulgeriya. Ya yi aiki a ɗakin karatun jami'ar garin har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana can wata jiha mai nisa. Yana zaune shi kaɗai a wani ɗan gidan katako a unguwar Glenwood, ɗalibai sun kewaye shi ta ko'ina, suna wucewa a kan kekuna babu mai ce masa sannu. Ranar na wuce tashata ban sani ba. Da zai sauka ya riƙe hannuna ya ce in zo in sha shayi, yana da wani abin da yake son ido mai lafiya ya duba masa.

Abin da ya nuna mini hotuna ne baƙi da fari, cike da akwatin takalmi, na shafukan wani littafi da aka rubuta da hannu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Littafin addu'o'in coci ne, ban ɓoye muku ba, ba kuma zan ɓoye ba. A wani gidan ibada da ke kan dutse kusa da ƙauyensu yake, Stoyan ya ɗauki hotonsa yana ɗalibi. Bayan ya bar ƙasar gobara ta ci wurin, littafin ya tafi da ita. Abin da ya rage a duniya shi ne wannan akwatin takalmi, hotunan kuma sun fara dusashewa. Ya shafe shekaru yana kwafe shi cikin kwamfuta harafi bayan harafi. Sai kwamfutar ta mutu. Mai gyara ya kwashe masa fayilolin ya zuba a sabuwa, da aka buɗe sai ga rubutun ya zama kamar gonar da fari suka bi: nan kalma, nan alamar tambaya, nan alamar tambaya.

Na tambaye shi yadda aka yi haka. Ya ajiye kofinsa ya yi mini bayani kamar ɗalibi.

“Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai babban jadawali guda na duniya, Yunikod ake ce masa, kowane harafi da lambarsa a ciki. In ka danna harafi, lambar ake ajiyewa. Siffar da kake gani a allo riga ce kawai, font ne yake sa wa lambar ita. Amma dubi nan.”

Ya ɗora gilashin a ƙarshen wani layi. Sai na ga wani ɗan mitsitsin harafi a zaune a kan wani, kamar yaro a wuyan ubansa. Ya ce in marubucin ya zo ƙarshen layi wuri ya ƙare masa, ko yana son taƙaita kalma, sai ya ɗauki harafi ya ɗora shi a saman na kusa da shi. Waɗannan mahayan haruffa ba su da lamba a jadawalin duniya a lokacin. Don haka Stoyan ya ƙera nasa font ɗin, ya riƙa aron lambobin wasu alamomi yana sa musu rigar mahayan. A tsohuwar kwamfutarsa komai lafiya. Da aka fita da rubutun daga gidansu, sabuwar ta ga lambobin da ba ta gane manufarsu ba, ta shafe su ta sa alamar tambaya. Wane harafi ne a wane gurbi, babu mai sani sai an koma ga hotunan. Shi kuma idonsa ya kai inda ba ya bambance ƙaramin harafi da kashin ƙuda.

Ku da ba ku riski kakanku ba, ku sani Malam marubucin Alƙur'ani ne a cikin birnin Zariya. Na tashi ina ganinsa a zaure, takarda a kan cinya, baƙar tawada a dama, ja a hagu. In ya gama layi da baƙa sai ya dawo da ja, ya riƙa ɗora ɗan jan alif a saman kalma, yana riƙe numfashi kada hannunsa ya motsa. Da na kalli hoton nan ta cikin gilashi, ba coci na gani ba. Hannu na gani. Na ga inda alƙalami ya fara bushewa, na ga inda mutumin ya gaji layinsa ya karkata, na ga inda ya matse haruffa don takarda tana da tsada. Ban san sunansa ba, addininmu ba ɗaya ba, amma na san yadda bayansa yake ciwo da la'asar. Na ce wa Stoyan zan riƙa zuwa Asabar da Lahadi.

Haka muka kama. Ni ne ido, shi ne sani. In duba hoto in ce masa ga abin da na gani, ya ce daga wace kalma, in karanta masa da karyayyen lafazina, ya gyara mini yana dariya. Akwai wani harafi da ya fi ba mu wuya, wanda ko a ƙasarsu an daina rubuta shi, a Rasha kuwa ban taɓa cin karo da shi ba. Sunansa babban yus. Siffarsa kamar an kifa ɗan murhu mai ƙafa uku an ɗora masa kai mai kusurwa. In ya hau kan wani harafin bai kai ƙwayar gero ba, amma sunansa babba yana nan, kamar yaron da aka sa wa sunan kaka. Da farko duk inda muka tarar da mahayi sai mu rubuta sunansa a gefe mu wuce, domin Stoyan ya rantse ba zai sake aron lambar kowa ba. Ya ji labarin masana sun kai ƙoƙon bararsu ga masu kula da jadawalin, ana sa ran za a ba mahayan lambobinsu.

A gidan nan na fara jin ni mutum ne tun da na sauka ƙasar. Yana dafa miyar wake da ganye, ya daina sa naman alade a gidan gaba ɗaya ba tare da na roƙe shi ba. Ranar farko da azahar ta yi na tambaye shi inda zan yi salla, ya janye wata kujera daga lungun falo, ya ce in nuna masa gabas ɗina. Tun daga ranar kujerar ba ta koma wurin ba. In na idar na tarar ya yi shiru, hannu a kan gwiwa, yana jira. Bai taɓa ce mini in zo addininsa ba, ban taɓa jin zuciyata ta karkata ko da taku ɗaya ba. Gardamarmu ba ta wuce ta shayi ba: shi ya ce na cika sukari, ni na ce nasa maganin zazzaɓi ne.

Da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara fure a shekarar 2008, sai na iso wata Asabar na tarar da shi a tsaye a baranda da farar takarda a hannu. An fitar da sabon jadawali, mahayan sun shiga. Ya sa wani maƙwabcinsa ya buga masa shafin da manyan baƙi. Kowane mahayi an zana shi a kan ɗan da'ira mai ɗigo-ɗigo, alamar cewa ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an ba shi wanda zai hau.

“Nemo mini namu, babban yus,” ya ce. “Karanta mini lambarsa.”

Na bi da yatsa har kusa da ƙarshen shafin. “Biyu, D, F, E.”

“Sake faɗa.”

Na sake faɗa. Ya maimaita a hankali kamar mai haddar sunan jariri, sannan ya juya ya shiga gida don kada in ga fuskarsa.

Ya koya mini yadda ake sa shi. Sai ka fara rubuta harafin da za a hau, sannan ka rubuta 2DFE a bayansa, ka danna maɓallan Alt da X tare, lambar ta rikiɗe ta zama harafi. A cikin fayil a baya yake zuwa, amma a ido a sama yake zama, ba ya cin wuri a layi ko kaɗan. Gurbi uku, wato bayit uku, kwamfuta take ajiye masa a ma'ajiyarta, inda harafin Turanci yake cin ɗaya. Na yi yadda ya ce, na danna. Sai ga ɗan akwati fanko ya fito a allo, murabba'i, babu komai a ciki. Na ce masa na yi kuskure. Ya ce ban yi ba: lambar ta samu, amma har yanzu babu wanda ya ɗinka mata riga, babu font ɗin da ya san siffarta. Na gwada wani mahayin, akwati. Na gwada na uku, akwati iri ɗaya.

“To yaya zan san na rubuta daidai, alhali dukkansu kamarsu ɗaya?”

“Ka koma kansa ka sake danna Alt da X, zai nuna maka lambarsa. Sai ka karanta mini. In lambar daidai ce, harafin daidai ne, ko mun gan shi ko ba mu gan shi ba. Na taɓa zaɓar abin da ido yake gani, ka ga inda ya kai ni.”

Wannan shekarar haka na yi ta: ina cika shafuka da akwatuna, ina karanta wa makaho lambobinsu.

Yanzu ga inda zancen ya samo asali. Nakan tafi da wasu shafuka gida in duba su bayan na taso daga sito. Wata rana Isuhu ya shigo share mini ɗaki, ya ga ɗaya a kan katifa, a samansa marubucin ya zana gicciye da ado. Ya gama shararsa ya fita. Bayan haka kuma wata Lahadi Stoyan ya ce yana son zuwa cocinsu, ranar tunawa da matarsa ce, ga shi ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai. Na riƙe masa hannu muka shiga bas, na kai shi har bakin ƙofa, na miƙa shi ga wata mata, na koma na zauna a kan benci a waje har aka tashi. Wani ɗan'uwanmu mai tuƙa tasi ya wuce ya gan ni ina hawa matattakalar cocin da Bature a hannu. Bai ga lokacin da na sauko ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji Mamman ya kama hannuna. Shi ne dattijon jama'armu a garin, yana da kanti a High Point Road inda muke sayen manja da garin rogo da naman halal da katin waya. Ya ja ni bayan kantin, tsakanin buhunan shinkafa, ya sa aka kawo mini kujera.

“Malam Habibu, ni ban yarda da abin da ake faɗa ba. Amma ana faɗa. An ce an gan ka a coci, an ce littafinsu kake karantawa.”

Na gaya masa komai, tun daga bas har akwatuna. Ya saurara bai katse ni ba.

“Na ji ka,” ya ce. “Amma ka dubi inda muke. 'Ya'yanmu muna yi musu Hausa suna ba mu amsa da Turanci. Kullum gabanmu yana faɗuwa kada ƙasar nan ta cinye su. Kai malami ne ɗan malami, in aka ce kai ma ka je, me za mu ce wa yaro? Ka bar aikin nan. Juma'a mai zuwa ni da kaina zan tashi in wanke ka a gaban jama'a, magana ta mutu.”

Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa, tsoronsa kuma tsoro ne na gaskiya. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Na kwana biyu ina juya abin. In na bari, zan koma cikin mutanena, a ci gaba da ba ni sahun gaba. Amma mun wuce rabin littafin, idon Stoyan kullum ƙara rufewa yake, babu kuma wani a garin nan da ya iya karanta haruffan kuma yake da haƙurin zama. In na tafi, littafin ya ƙone karo na biyu. Ga shi kuma na ci abincin mutumin nan, na yi masa alkawari. Na koma na ce wa Alhaji ya yi haƙuri, sai na gama.

“To, Allah ya kyauta,” ya ce.

Babu wanda ya kore ni daga ko'ina, kada ku ji an ce an kore ni. Abin ya fi haka sanyi. A masallaci ana amsa sallamata, amma hannu ba ya daɗewa a cikin nawa. An daina kirana raɗin suna. A gida Isuhu ya ware mini kofi da cokali. Wata rana ya tsaya a ƙofar ɗakina yana murza hula.

“Baba, ka gafarce ni. Bon, yaran ne ba su da kwanciyar hankali. Ni ban ce komi ba, amma ka gane.”

Na gane. Na nemi ɗaki ɗaya a Glenwood, a bayan gidan wata tsohuwa, na kwashe kayana a tasi guda. Ƙaramar Sallar shekarar, bayan an sauko idi kowa ya kama hanyar gidan da aka gayyace shi. Na tsaya a wurin ajiye motoci da babbar rigata har wurin ya watse, sannan na bi gefen titi zuwa tashar bas. Na dafa taliya na ci a tsaye.

Katin wayar da nake saye a kantin Alhaji, irinsa kowa yake saye, don haka zancen ya riga ni isa gida. Wata Lahadi da rana na kira mahaifiyarku. Muka gaisa, ta ba ni labarin kowa.

“Malam,” ta ce, “ka yi azahar?”

“Na yi, Rakiya.”

“To shi ke nan. Allah ya tsare mana kai.”

Iyakar abin da ta taɓa tambayata ke nan, ba ta kuma sake ba har ta koma ga Mahaliccinta. Da na ce ta ba ni kai, Aminu, sai ta ce ka fita. Mako na gaba ma ka fita. Ina jin muryarka a tsakar gida kana yi wa Bashir faɗa, ana ce mini ka fita. A lokacin matarka tana da tsohon ciki, ka kuma riga ka gaya mini tun ranar ɗaurin aurenka cewa in Allah ya ba ka namiji za ka yi mini takwara. Aka haifi namiji. A bakin Hadiza na ji an raɗa masa Sulaimanu. Na ce Allah ya raya, na ajiye waya, na zauna a bakin katifa har hasken taga ya canja. Washegari na tafi sito na ɗaga kwalayena.

Ban gaya wa Stoyan ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma makaho yana da kunne. Ya ce muryata ta canja, ya tambaye ni ko aikinsa ne ya jawo mini wani abu a wurin mutanena. Na ce masa mura ce. Sai ya ce shi ma da ya bar ƙasarsa an ce ya sayar da ita, ƙanwarsa ta mutu ba ta amsa masa gaisuwa ba. Sannan ya ce mu koma shafin da muka tsaya.

Mun gama da sanyi ya sake zagayowa. A shafin ƙarshe, can ƙasa, marubucin ya bar 'yan layuka na kansa, yana cewa hannunsa ya daskare, wanda ya ga kuskure ya gyara kada ya tsine masa. Kalmarsa ta ƙarshe wuri ya ƙare masa, ya ɗora babban yus a sama. Na rubuta lambar, na danna, akwati ya fito, na karanta wa Stoyan ita. Ya ce daidai. Shayi ya huce a gabanmu.

Bayan wasu watanni wani masani da suke wasiƙa da shi ya turo masa sabon font da aka ɗinka wa mahayan riga. Ni na sa shi a kwamfutar. Na buɗe fayil ɗin, na zaɓi rubutun duka, na canja masa font. Ban taɓa harafi ko ɗaya ba, amma akwatunan nan duka suka ɓace lokaci guda, kowane mahayi ya haye kan nasa ya zauna, shafi bayan shafi. Stoyan yana gefena, fuskarsa tana kallon allon, amma a lokacin ko hasken taga da ƙyar yake gani.

“Sun fito?”

“Sun fito, baba. Dukkansu.”

“Namu fa? Ya zauna daidai?”

Na matsa kusa na duba. “Ya ɗan karkata dama.”

Ya yi dariya har da tari. “Bar shi. Na mai littafin ma haka yake karkata.”

Muka aika da fayil ɗin wani ɗakin karatu a ƙasarsu, suka amsa cewa ya buɗe lafiya, babu alamar tambaya ko ɗaya. Ba a daɗe ba 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Na taya su ɗaure kaya. Da zai shiga mota ya lalubo fuskata da hannu biyu, ya ce in rage sukari. Kafin shekara ta zagayo ta kira ni ta ce ya rasu. Na ci gaba da zama a Glenwood, ina wucewa ta gaban gidan, ɗalibai sun kama shi haya sun jingina kekuna a barandar. Zancen da ake yi a kaina kuwa babu wanda ya tashi ya ƙaryata shi, tsufa kawai ya yi, mutane suka samu wani. Da na dawo gida kuka tarbe ni a filin jirgi, ka karɓi jakata, Aminu, ka durƙusa ka gaishe ni kamar yadda ya kamata. Daga ranar zuwa yau gaisuwa ce tsakaninmu.

Ban rubuta wannan don wani ya zo ya ba ni haƙuri ba. Kana da ƙuruciya a lokacin, an gaya maka ubanka ya bar salla, ka yi fushi saboda Allah, ba zan riƙe ka da wannan ba. Da za a mayar da ni bayan kantin Alhaji Mamman, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi, ko da yake yanzu na san kuɗinta. Sulaimanu kuwa na gan shi a bikin gidan Hadiza, ya yi tsawo, gemu ya fara tsiro masa, ya gaishe ni daga nesa irin gaisuwar da ake yi wa baƙon dattijo. Sunan ya dace da shi, kada ka sa wa ranka komai. Ka dai turo mini shi wata Juma'ar bayan la'asar. Ba sai ya zo da wani saƙo ba. Ya zo kawai ya zauna, mu ci tuwo a kwano ɗaya.